Bushiyar da Na Kai Bakin Murhu

Ɗarin bana ya same ni a ɗakin siminti mai rufin kwano, a nan cikin Damagaram, da jariri ɗaure a ƙirjina. Ban sani ba ko sanyin ne ya sake hali, ko kuwa ni ce na sake. Can Gidimuni, inda na tashi a hannun kakata, sanyi ba ya shigowa sai ya yi sallama. Shamuwa za ta kwashe ƴaƴanta ta yi gaba, a yanke gero, a kai rumbu, kwaɗin bakin tafki su riƙa rage surutu kaɗan-kaɗan, har wata safiya ka tashi ka ji garin shiru kamar an toshe maka kunne. Sai Kaka ta ce, "To, masu gida sun shige ɗaka, baƙi na hanya." Ba a kwana da yawa kuwa sai ga baƙin. Ƙananan agwagin ruwa masu saurin tashi, da wasu tsuntsaye masu ƙafafu kamar tsinken tsintsiya, suna ta caccakar laka da dogon baki. A nan birni babu kwaɗon da zai yi shiru ya gaya maka. Sai dai ka ga masu kabu-kabu sun cusa kai cikin hular sanyi, ka san ya iso. Kwanon nan da rana ya gasa ka, da asuba ya mai da ɗakin kamar cikin randa.

Ɗakin Kaka na ƙasa ne, mai ƙaramar ƙofa. Zafin da ya sha da rana yakan riƙe shi, ya riƙa ba mu kaɗan-kaɗan har gari ya waye. Abin da ke tashe ni da safe shi ne tarin tsofaffi a hanyar masallaci, da ƙarar taɓarya daga gidan maƙwabta, da ƙas-ƙas ɗin kara yana kama wuta. Aikina na farko ɗebo ruwa. Ina tafiya ina takawa da gefen ƙafa saboda faso, hannuwa a hammata, tulu a ka. Wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, ruwan da ya kwana a randa ba ya taɓuwa don sanyi, amma wanda guga ta fito da shi daga rijiya da ɗuminsa, har wani ɗan tururi yake yi. Na tambayi Kaka wa ke hura wuta a ƙarƙashin rijiya. Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta, ta ce ƙasa uwa ce, ba ta saurin fushi ba ta saurin hucewa, shi ya sa duk mai wayo in ɗari ya zo cikinta yake shiga. Kwaɗo ya nutse a laka, kunkuru ya tona rami, maciji ya nemi suri. Ƙadangare kuwa, da safe za ka gan shi manne a katanga, jikinsa ya yi toka-toka, ko ka kai hannu ba ya iya gudu, sai rana ta dafa bayansa sannan ya tuna shi namiji ne ya fara gyaɗa kai. Kaka ta ce shi ba shi da murhu a ciki, wutar aro yake ji.

Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko. Abin da na fi riƙewa daga bakin malaminmu, da muke ce wa mushe, shi ne ranar da ya ce tsuntsayen tafkinmu daga wata ƙasa suke zuwa, bayan hamada da teku, inda ruwa yake daskarewa ya zama dutse har mutum ya taka, sanyi kuma ya riƙa zubowa daga sama kamar auduga. Ya ce gudun sanyi suka yi suka zo wurinmu. Mu da muke zaune haƙoranmu na kaɗawa, sai ajin ya kwashe da dariya. Sun gudo wa sanyi sun faɗo cikin sanyi? Ya buga tebur ya ce ba sanyin ne kaɗai ke koro su ba, yunwa ce. Gashinsu ya fi bargon kowa a cikinmu, amma in ruwa ya rufe, abincinsu ya kulle a ƙarƙashi. Na kai wa Kaka wannan labari da gudu. Ta ce ita ba ta je can ba, amma ta yarda, don ba ta taɓa ganin abin da sanyi ya kashe da cikinsa cike ba. Wani ya gudu, wani ya shige rami, wani ya sha rana. Ni dai na kasa gane yadda kowannensu ya san nasa, alhali babu wanda ya sa su lakwal.

Wata safiya Kaka ta aike ni ɗebo kara a gonar bayan gari. Ban wuce shekara takwas ko tara ba. Na ɗaga wani tarin kara da ya daɗe a gindin aduwa, sai ga wani abu dunƙule cikin busasshen ganye, kamar goruba mai ƙaya. Bushiya ce. Na san bushiya da damina, in ka taɓa ta sai ta zabura ta riƙa hura hanci. Wannan ko motsi. Na zungure ta da kara, shiru. Na juya ta, na cusa ɗan yatsa ta inda ƙayar ta haɗe, na ji cikinta sanyi ƙalau kamar gindin tulu. Na tsuguna ina kallonta, har na fid da rai, sai na ga ƙayar ta ɗan ɗaga ta koma. Numfashi ɗaya. Na jira na biyu har ƙafata ta yi tsami. Zuciyata ta ce, wannan baiwar Allah sanyi ne zai kashe ta, kuma Allah ne ya turo ni. Na kwance kallabina na naɗe ta, na bar karan a nan, na sheƙo gida.

Kaka ta fita gaisuwa maƙwabta. Na ɗora bushiyar a kan faifai kusa da murhu, na ƙara kara, na hura har idona ya yi ja. Da farko ba abin da ya faru. Can sai ta fara makyarkyata, ƙayoyin na rawa kamar ana kaɗa su, ta daɗe a haka. Sai dunƙulen ya buɗe, ga ɗan baƙin hanci mai laima, ga idanu kamar ƴaƴan kuka. Ta taka ɗaya, biyu, tana tangaɗi. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Ina tsalle ina tafi Kaka ta shigo.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Innalillahi. Ke, wa ya aike ki?"

Na ce, "Kaka, mutuwa za ta yi, na cece ta."

"Kin cece ta. Sannu, uwar ƴan ceto. Ita ta ce miki ceto take nema?"

Ta kamo hannuna ta zaunar da ni gaban murhu. Ta ce, "Garwashin da nake rufewa da toka in mun gama tuwo, da safe me kike tararwa?" Na ce wuta. Ta ce, "Wanda na bari a fili fa?" Na ce ya cinye. Ta ce, "To ita ma rufe wutarta ta yi. Tun kaka take cin fara da gyare tana tara kitse, shi ne itacenta na ɗari gaba ɗaya, take ƙona shi tsinke-tsinke. Ke kin zo kin tone tokar kin hura. Abin da za ta ci kwana ashirin ta ƙone shi yanzu a gabanki, wajen wannan rawar ɗarin. Da me za ta kai lokacin zafi?"

Na ce zan ciyar da ita. Na ba ta tuwo, ta kau da kai. Na ba ta fura, ta shinshina ta wuce. Na bi duwatsu ina ɗagawa ina neman gyare, yini guda buzuzu biyu na samu, don su ma ƙwarin duk sun ɓuya. Na mai da ita gindin aduwar na rufe da ganye yadda na same ta, amma barcin ya ƙi komowa, washegari ba ta nan. Kwana huɗu bayan haka na tsince ta a gindin danga, ta lotse, kiyashi sun yi layi. Kaka ba ta yi mini faɗa ba. Tana tsefe mini kai ta ce, "Ba duk mai sanyin jiki ke neman wuta ba. In kin ga mai barci cikin ɗari, ki bar shi da barcinsa, ya fi ki sanin abin da yake yi." Maganar nan ta shige ni fiye da duk karatun da aka yi mini. Daga ranar ko kaza na gani ta cusa kai cikin fiffike, sai in zagaye ta.

Da Kaka ta rasu na koma garin sau ɗaya. Babu tarin kara a gonaki yanzu, ana girbi ake kwashe shi a amalanke a sayar wa masu dabbobi. Lambuna sun matso har bakin ruwa, injin ban ruwa na ta ɓaɓatu tun safe. Tsuntsayen na gani, amma ba kamar da ba, ko kuwa ni ce ban tsaya na duba da kyau ba, ban sani ba. Na tambayi matan gidanmu ko ana ganin bushiya, ɗaya ta ce ta ga wata a kan kwalta mota ta bi ta kanta. Na tsaya ina tunani, in babu kara babu ganye, ina suke kwanciya? Babu wanda zan tambaya. Uwata ban san ta ba, wadda ta san amsar kuma tana ƙasa.

Shi ya sa da haihuwa ta zo mini babu gidan da zan tafi wanka. Ta zo ne ma ba shiri, cikin bai cika wata takwas ba, a ɗaki, da taimakon wata tsohuwar ungozoma ta unguwa. Namiji ne, ɗan mitsitsi, fatarsa kamar ta ɗan tsako. Uwar mijina, da muke ce wa Inna, ta taho daga Hamdara don ta yi mini wankan jego. Mace ce mai ƙoƙari, ba ta zama. Safe da yamma ta dafa ruwa ta yi mini, sannan ta ɗauki yaron ta wanke shi a tsakar gida kamar yadda ta wanke nata guda tara. Ruwan da zafinsa, amma iska na kaɗawa, kafin a goge shi a naɗe leɓɓansa sun canza. Ina gani, ba na magana. Ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta rungumarsa a gaban surukai. Ko nono zan ba shi sai na juya baya.

Ranar kwana biyar, bayan wankan safe, Inna ta tafi kasuwa sayen kanwa da kayan yaji saboda suna ya matso, maigidan kuma ya tafi gareji. Yaron ya yi barci. Hantsi ya yi bai tashi ba. Na kai masa nono, ya ɗan taɓa ya saki. Na taɓa ƙafarsa, sanyi. Na sa hannu cikin zanen na taɓa cikinsa, shi ma sanyi. Numfashinsa a hankali, ya yi ɗaya ya daɗe kafin ya yi wani. Wallahi har na miƙe zan ɗauke shi in jijjiga. Sai na ga faifan bushiyar nan a bakin murhun Kaka, kamar yanzu ake yi. Na ce a raina, ƙarami ne, guzurinsa kaɗan ne, ya rufe wutarsa ne don ta kai shi. In na tashe shi ya yi kuka, ya ƙone ɗan abin da yake da shi. Na taɓa kashe rai da gaggawata, ba zan sake ba. Na ja masa zane, na sakaya ƙofa don kada hayaniya ta dame shi, na zauna a gefen gado na harɗe hannuwana don kada su taɓa shi. Haka na zauna har aka kira azahar. Ina ganin kaina mai haƙuri, mai hankali.

Maƙwabciyata, matar tela, wadda nake ce wa Yaya, ita ta turo ƙofar da kwanon kunu a hannu.

Ta ce, "Maijego, yau angon namu ba ya kuka? Tun safe ban ji muryarsa ba."

Na ce, "Yi a hankali, Yaya, barci yake."

"Tun yaushe?"

"Tun wanka."

Ta dire kwanon, ta cusa hannu cikin zanen. Ban taɓa ganin fuska ta sauya da sauri haka ba. Ta ce, "Ke! Yaron nan ƙanƙara ne! Yaushe rabonsa da nono?" Na fara ce mata ai kada a tashe shi, ba ta ko saurare ni ba. Ta fizge shi, ta ɗaga rigarta ta cusa shi ciki, ta ce in sa hijabi. Na ce ban yi arba'in ba, ko suna ba a yi ba, Inna kuma ba ta nan. Ta ce, "In kin tsaya jiran Inna, sunan wa za a raɗa?" Ta fita titi ba takalmi ta tare adaidaita.

A matanite, asibitin haihuwa, wata madam ma'aikaciyar jinya mai ƙiba, da tabarau a kan hanci, ta karɓe shi. Ta sa masa abin awon zafi a hammata, ta duba, ta yi tsaki. Ta ɗora shi a sikeli, kilo biyu bai cika ba. Ba ta kai shi kusa da wata wuta ba. Ta ce in cire riga. Na tsaya kallonta. Ta ce, "Kunyar wa kike ji, ni ko shi?" Ta tuɓe shi tsirara sai ɗan kamfai da hula, ta kwantar da shi tsakanin nonuwana kamar kwaɗo, fata da fata, ta ɗaure mu da zani, ta lulluɓa mana bargo. Ta sa na tatsa a ɗan kofi, tana ɗiga masa da cokali, tana murza tafin ƙafarsa don ya haɗiye. Tana yi tana tambaya: me ya hana ki tashe shi? Ina kuka na ba ta labarin bushiya.

Ta sauke tabarau ta dube ni. Ta ce, "Ikon Allah. Shekarata nawa a aikin nan, an ce mini mayu, an ce mini iska, yau kuma bushiya. Ke bushiya kika haifa?" Yaya ta fashe da dariya, hawaye na zubo mata. Madam ma ta dara, sai kuma ta ja kujera ta zauna. Ta ce kakarki ba ta yi ƙarya ba, a kan bushiya gaskiya ta faɗa. Ita da gangan take rage wutarta, jikinta ya san yadda zai sake hurawa. Ɗan Adam ba a yi shi da wannan ba, tasa in ta yi ƙasa, mutuwa take yi. Ta ce ki zuba kunu a tukunya, ki zuba a ludayi, wanne ke fara hucewa? Na ce na ludayi. Ta ce to ɗanki ludayi ne. Kitsen da jariri ke ƙonawa ya ji ɗumi, a watan ƙarshe yake tara shi, naki bai tsaya ya tara ba. Ko rawar ɗari bai iya ba tukuna. In ya yi sanyi sai ya kasa tsotso, in bai tsotsa ba sai ya ƙara sanyi, shirun da kika ji ba hutawa ba ne. Na ce to yaya zan bambance barcin da ake bari da wanda ake tasarwa? Ta ce, "Taɓa cikinsa. Kuma kada ya wuce awa biyu bai sha ba, ko barcin sarki yake yi."

Sai wajen la'asar na ji wani ɗan motsi a ƙirjina, kamar ana susa. Sannan wata ƴar murya, siririya, kamar ta ɗan kyanwa. Kwana shida muka yi a can. An raɗa suna ba ma nan, aka kawo mana nama a kwano.

Da muka koma gida, Inna ta riga ta dafa ruwa. Ta miƙo hannu ta ce in kawo shi, ga wanzami ma an yi masa magana zai zo aski. Yaron na cikin rigata. Ban taɓa musa mata ko da ido ba. Na durƙusa, kaina a ƙasa, na ce, "Inna, ki gafarce ni. An ce ba wanka sai goge jiki a cikin ɗaki, ba aski sai ya yi nauyi. An ce kada ya bar jikina." Ta ce, "Ɗan farin? A ƙirji, a gaban mutane, kamar ƴar biri? Mu da muka haifi tara ba mu san yaro ba, sai madam?" Na ce, "Kin fi ni sani, Inna." Amma ban kwance zanen ba. Ta ce yaran yanzu idonsu a tsakar ka yake, ta juye ruwan a bokiti ta ce to ni in zo in yi nawa tun bai huce ba, in kuma ba a hana wannan ba. Da zan shiga wankan ita ta karɓe shi, na leƙo na ga ta juya baya tana cusa shi cikin rigarta, tana gunaguni.

Har yanzu kaina bai warware ba. Wadda ta fi kowa sona ta koya mini abu, abin kuma gaskiya ne, shi ne ya kusa raba ni da ɗana. Ina auna sauran maganganunta da na ɗauko na taho da su birni, ina tunanin wanne ne na daji wanne ne na ɗaki, babu mai ware mini. Wani lokaci in ji haushinta, sai kuma in ji kunyar jin haushin. Da tana nan, na san da hannu ɗaya za ta taɓa shi ta gane, ba sai ta tuna wata magana ba.

Ɗazu da hantsi ya yi barci mai nauyi. Na taɓa cikinsa, da ɗumi. Na sake taɓawa, da ɗumi. Inna na tsakar gida tana tankaɗe, ta ce in ƙyale bawan Allah ya huta, jiya-jiya aka auna shi aka ce ya ƙaru. Na duba agogon waya, saura kaɗan awa biyu ta cika. Na zauna hannuna a sama, ban san wadda zan bi ba. Sai na murza tafin ƙafarsa. Ya yamutsa fuska, ya buɗe baki, ya tsala ihun da ya sa kajin gidan suka watse.

Inna ta ce, "Kin ji daɗi yanzu?"

Na ce, "Na ji, Inna."